Wani Lebura a Kamfanin Fatu

Sanyi ne ya fara yi mini sannu da zuwa a ƙasar Sin, na biyunsa kuma ɗan ƙasarmu ne. Na sauka a wani birni na arewacinsu cikin kaftani da hula, da takardar ɗaukar aiki a jaka. Wata jami'a ce ta ɗauke ni in koya wa ɗalibanta Hausa na shekara guda, in an ji daɗina a sabunta. Kafin motar jami'ar ta iso, wani mutum ya ji ina waya da Hausa, ya matso da fara'a ya ce shi ma ɗan Najeriya ne, ya daɗe a garin, kuma in ban sayi rigar sanyi yanzu ba ƙirjina zai daskare kafin Juma'a. Ya zaro wata daga jakarsa ya ce fata ce zalla. Na shafa, na sansana, na san roba ce aka yi wa fenti. Na sani sarai, domin a cikin fata aka haife ni. Amma in na faɗa masa haka zai tambaye ni inda na san fata, ni kuwa na tsallaka teku ne don kada a sake yi mini wannan tambayar. Na saya. Kafin wata ya ƙare ta fara ɓarewa a kafaɗa.

Mahaifina Malam Sule majemi ne ɗan majemi. Kakana da kwatarniya da bagaruwa ya yi jimarsa a bayan gida. Da kamfanonin fatu suka cika Challawa sai Baba ya shiga ɗaya daga cikinsu, sashen da ake jiƙa ɗanyar fata a cire mata gashi, kullum a keke yake zuwa daga Panshekara. Duk sabulun Kano ba ya fitar da warin nan daga hannunsa, kuma a firamare ɗan warin fata ake ce mini. Na yi digiri, na ƙara da na biyu, ban taɓa kai aboki gidanmu ba. In an tambaye ni unguwa sai in ce wajen Sharada, in kawar da zancen.

Ni ne kuma ɗan farinsa, shi kuwa mutumin da ne, mai alkunya. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini doguwar magana ba. Ko ina durƙushe a gabansa, da ƙanwata zai yi zancen: "Rabi, ki gaya wa mutumin can ya ci abinci." Haka na tashi na gani, kuma a lokacin ban ɗauke shi komai ba sai tsohon yayi.

Watannin farko a can na sha wuya. An ba ni ɗaki a hawa na tara, taga tana kallon wata doguwar hanya da ba a jin kiran salla ko carar zakara. Na yi makonni ina cin burodi da shayi don tsoron naman alade, har wando ya fara zame mini. Wata rana na bi ta wani lungu a bayan jami'a na hangi wani dattijo da farar hula yana murza taliya da hannu. Na yi masa sallama a kan ko Allah zai sa, sai kuwa ya amsa. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma ya zaunar da ni ya cika mini kwano da romon naman sa da barkono, ya zana mini hanyar masallaci a bayan takarda. Da ya ga rigata tana zubar da ɓawo a kan teburinsa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shiga ciki ya fito mini da tsohuwar rigarsa mai auduga. Ita na sa har na bar ƙasar. Hannayensa duk sun faffashe saboda aiki, kuma na lura ba ya ɓoye su in zai miƙa wa mutum kwano.

Ɗalibaina goma sha shida ne. Al'adar sashen ce kowa ya ɗauki sunan Hausa, ni kuwa na raba musu na ranar haihuwa, aka samu su Talatu da Asabe da Ɗanjuma. Wanda ya fi damuna shi ne Ɗanlami, wani dogo mai tabarau da ke zama a gaba, ga tambaya kamar ɗan jarida. Ranar da muka yi darasin sana'o'i, kowa ya tashi ya faɗi sana'ar mahaifinsa. Wannan manomi, wancan direba, ita kuma Asabe ta ce nata shara yake yi a tashar jirgin ƙasa, ta faɗa da ƙarfi ta zauna abinta. Sai Ɗanlami ya ɗaga hannu.

"Malam, kai kuma mene ne sana'ar mahaifinka?"

"Malami ne," na ce. "Yana karantar da littattafai a zaure."

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi kamar tana jira a bakin ƙofa. Suka rubuta ta a littattafansu, har da tambayar ma'anar zaure.

Rabin karatun ba a aji ake yin sa ba, a ɗakin na'urori ne. Kowane ɗalibi da kwamfuta da abin sawa a kunne. Jami'ar tana da wata manhaja da ake ɗora mata magana, ta yayyanka ta jimla jimla, ta zana muryar a allo kamar zaren da ke hawa da sauka. Ɗalibi ya saurara ya maimaita, in karin sautinsa ya hau kan na mai maganar zaren ya zama kore, in ya kauce ya zama ja, na'urar kuma ta ba shi maki. Abin gwanin sha'awa, sai dai muryar da ta zo da manhajar tana Hausa kamar mai mura. Shugabar sashen, wata dattijuwa da ta koyi Hausa tun ina goye ta kuma ɗauki sunan Hajara, ta kira ni ofishinta ta ce aikina ne in cika manhajar da muryoyin gaske, kowane mako sabon darasi. Na ɗora tawa, ta saurara ta ce ta yi tsabta da yawa, kamar mai karanta labarai. Ita Hausar da ake sayen tumatir da ita take so. Ta kuma tuna mini a hankali cewa a kan wannan aikin za a duba sabunta takardata.

Na roƙi abokaina na Kano. Wasu suka yi alkawari suka yi shiru, wasu suka aiko da jawabi rabi Turanci, kowa yana so a san ya yi boko. Makonni suna tafiya, manhajar tana nan fayau, Farfesa Hajara kuma ta daina yi mini murmushi a hanya.

A duk wannan lokacin, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, saƙon murya yana shigowa daga wayar Rabi. Baba ba ya rubutun boko, saboda haka sai ta riƙe masa waya ya yi magana. Kullum da abu ɗaya yake farawa: "Rabi, kin danna? To. Ki gaya wa mutumin can muna nan lafiya." Daga nan sai labarin unguwa, wanda ya rasu, wadda ta haihu, ruwan kamfani da ya sake malalowa gonakin bakin kogi, tayar kekensa da ta fashe a hanyar Challawa. Ya yi tari a tsakiya, ya ce to madalla, ya ci gaba. Sau da yawa ba na ƙarasa ji. Wata ranar Asabar ina zaune a ɗakin na'urori ni kaɗai, na kunna ɗaya daga ciki, sai na ji abin da Farfesa take nema ke nan. Na kuma lura da wani abu da ya kamata ya sa ni kuka, amma a lokacin daɗi ya sa ni: babu sunana a ciki, babu inda ya ce ɗana. Alkunyarsa ta rufe ni ruf.

Na ɗora. Manhajar tana da gurbin da ake rubuta ko wane ne mai magana. Na daɗe ina kallon gurbin nan, sannan na rubuta: Wani lebura a kamfanin fatu, Kano. A ƙasa akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko mai muryar ya ba da izini. Na danna masa alama na wuce.

Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Ɗalibai suka so tsohon nan, suka raɗa masa suna Baba Lebura. Ranar Litinin sai su tare ni da tambaya, an gyara tayar keken kuwa, maƙwabciyar ta sauka lafiya? In na shiga ɗakin na'urori sai in ji mutum goma sha shida suna magana da bakin mahaifina, suna jan to madalla yadda yake ja. Har tarin wasu suke yi a inda yake yi, don zaren ya zama kore. Farfesa Hajara ta yaba mini a gaban taron malamai, aka sabunta mini takarda. Na je wajen dattijon taliya na ci kwano biyu, amma ranar ban iya kallon hannayensa ba.

Da labarin unguwa ya fara maimaita kansa, sai na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na aika saƙo na ce, Baba, ina so ku ba ni labarin yadda ake jima tun ta zamanin Kaka. Ni da tunda nake ban taɓa tsayawa kusa da kwatarniya ba sai da hannu a hanci.

Rabi ta kira ni tana dariya. Ta ce Baba ya sa rigarsa ta Juma'a don ya yi maganar, ta gaya masa murya ce kawai ba hoto ba, ya ce ina ruwanta. Ya sa an jawo kartajin Kaka daga ƙarƙashin gado, wato wuƙar nan mai ƙota biyu da ake kankare gashi da ita, ya ɗora a cinya. Saƙon ya yi tsawo har sai da aka raba shi uku. Ya faɗi yadda ake jiƙa fata a ruwan toka, yadda ake gane ta nuna da ɗan yatsa, yadda ake daka bagaruwa, yadda karan dafi ke ba da ja. Ya ce gangunan jima na kamfani suna da sauri amma ba su da ido, shi ya sa har yau in an rikice shi ake kira. Ban taɓa jin muryarsa da irin wannan ƙarfin ba. A ƙarshe ya ce:

"Ki gaya masa na ji daɗi da ya tambaya. Na ɗauka abin nan a bakina zai mutu."

Wannan jimlar ma na ɗora ta. A jarrabawar ƙarshen zango ta fito, tambaya ta bakwai.

Bayan jarrabawar Ɗanlami ya tsaya da kowa ya fita. Ya ce yana so ya san wane ne mutumin can da ake ta aika wa saƙo. Na ce ɗansa ne, yana ƙasar waje. Ya ce to me ya sa ba ya kiran sunansa, ko fushi suke yi? Na ɗauki alli na yi masa bayanin ɗan fari da alkunya a allo, tsaf, kamar al'adar wasu mutane ce da na karanta a littafi. Ya rubuta, ya gyara tabarau, ya ce:

"Ashe so ne ya yi yawa. Ɗan nan yana da sa'a, Malam. Da ni ne, da na koma gida na zauna kusa da shi."

Na ce masa ina da wani aji, alhali ba ni da shi.

Shekara ta uku ajinsu ya gama. Ɗanlami ya zo yi mini sallama da murna, ya ce ya samu aikin tafinta a Kano. Na tambaye shi wane wuri, ya ce wani kamfanin takalma a Bompai. Na saki ajiyar zuciya, na ce a raina Bompai gabas Challawa kudu, Kano kuma ba ƙauye ba ce. Duk digirina biyu ban tsaya na tambayi kaina inda mai takalmi yake samun fata ba.

Da damina na zo hutu, karo na farko tun tafiyata. Mai keke napep ya bi da ni ta Sharada, muka miƙa Panshekara, iskar bayan ruwa tana kawo warin nan na Challawa da na sani tun ina yaro. Da la'asar sakaliya na sauka a bakin layinmu. Tun daga nesa na hangi tabarma a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, Baba a zaune, kusa da shi wani dogo cikin kaftani mai ruwan ƙasa, suna ɓare dafaffiyar gyaɗa a faranti ɗaya. Da ya ɗago na ga tabarau. Da akwai inda zan juya da na juya.

Ɗanlami ya miƙe ya karɓi jakata ya gaishe ni da ladabi, amma bai yi tambaya ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Na durƙusa na gai da Baba. Ya amsa yana kallon farantin, ya ce a shiga ciki a sha ruwa.

Rabi ta zo daga gidanta na Zawaciki don ta tare ni. Ko mayafi ba ta cire ba ta ja ni ɗaki ta zayyana mini. Wata biyu da suka wuce Ɗanlami ya raka maigidansa kamfanin su Baba duba fata. Ana cikin ciniki sai wani tsoho ya ce fatun nan ba su jiƙu ba, ya fara bayanin yadda ake gane ta nuna da ɗan yatsa. Kafin ya rufe baki baƙon ya ƙarasa masa jimlar, da karinsa da komai, har da to madalla. Ma'aikata suka taru suna dariya, suna cewa Malam Sule ya haihu a Sin. Ɗanlami kuwa don murna ya ciro waya, domin ya adana darussan duka, ya kunna musu. Nan, a gaban mutanen da Baba ya yi shekara da shekaru yana aiki da su, waya ta ce na ɗauka abin nan a bakina zai mutu. Wani mai karatun boko ya leƙa allon ya karanta abin da ke rubuce a sama da ƙarfi. Rabi ta ce daga nan dariyar ta mutu.

Duk da haka Baba ya gayyace shi gida, ya ce baƙon da ya zo daga wajen mutumin can ba ya cin abincin kasuwa. A ɗakin Baba, Ɗanlami ya ga hotona na gama jami'a a bango. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ai Malam ya gaya mana mahaifinsa malami ne mai karantarwa a zaure.

"Me Baba ya ce?" na tambaye ta.

"Cewa ya yi, haka ne, ni riƙonsa na yi." Ta share ido da bakin mayafi. "Yaya, tunda nake ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba sai ranar. Kuma don kai ya yi ta."

Ban sha ruwan ba. Na fito na durƙusa a bakin tabarma. Na ce da Ɗanlami ƙarya na yi musu a aji, wannan mahaifina ne, shi ya haife ni, da hannayen nan ya biya mini makaranta, kuma ban nemi izininsa ba na ɗora muryarsa. Ɗanlami ya sunkuyar da kai ya ce ya sani tun ranar da ya ga hoton, don goshinmu ɗaya. Na juya na ce, Baba ku yafe mini.

Baba bai dube ni ba, ba kuwa sabon abu ba ne. Ya tattara ɓawon gyaɗar da tafin hannunsa ya zuba a gefe, sannan ya ce da Ɗanlami:

"Ka gaya wa malaminku babu komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Sai dai in zai sake rubutawa, ya rubuta majemi. Lebura ɗaukar kaya yake yi, ni kuwa sana'ar ubana ce. Sauran ba sai ya rubuta ba."

Ya jawo butarsa ya tashi yin alwala.

Da na koma Sin na je ofishin Farfesa Hajara na faɗa mata komai. Ta cire tabaranta ta daɗe tana gogewa, ta ce za a sauke darussan har sai mai muryar ya yarda da bakinsa. Rabi ta tambaye shi, ya ce a bar su, yaran mutane suna amfana. Na buɗe gurbin nan na goge abin da ke ciki, na rubuta: Malam Sule majemi, mahaifina. Na tsaya gaban sabon aji na karanta musu shi da ƙarfi.

Har yau saƙo yana zuwa kowace Juma'a, bai taɓa fashi ba. Na tambaye shi yadda ake rina baƙar fata, na tambaye shi labarin Kaka, na rantse wa Rabi ta gaya masa wannan nawa ne ni kaɗai, babu na'urar da za ta ji. Amma bai ƙara ba da labari ba, abin da nake samu ke nan, kuma yanzu ina ji har ƙarshe, in mayar in sake ji:

"Rabi, kin danna? To. Ki gaya wa mutumin can muna nan lafiya. Shi ke nan, kashe."